Zaɓen Feda da Takalmi Gwargwadon Nau'in Hawan Keke

Tsakure

Wannan muƙala ta yi bayani a kan ire-iren fedar keke da takalman da ake hawa da su, da dalilan da ke sa nau'i guda ya dace da wani irin hawa, amma ya zama haɗari a wani. An bibiyi tarihin feda a taƙaice tun daga ƙarni na 19, sannan aka kasa ta gida uku: shimfiɗaɗɗiya, da mai likkafa, da mai kullewa. An kuma dubi yadda ƙirar takalmi take bin ƙirar feda sau da ƙafa. Muƙalar ta nuna cewa tsada ko shaharar feda ba su ne ma'aunin dacewarta ba. Ma'aunin shi ne yawan sauke ƙafa ƙasa da hawan yake buƙata, da kuma nisan tafiyar da mahayi zai yi a ƙasa bayan ya sauka.

Fitilun Kalmomi: keke, feda, takalmi, likkafa, makama, walawa

1.0 Gabatarwa

Wurare uku ne jikin mahayi yake haɗuwa da keke: hannuwa a kan abin tuƙi, mazaunai a kan sirdi, ƙafafu kuma a kan feda. Daga cikin ukun nan, ta feda kaɗai ƙarfin mahayi yake ratsawa ya isa ga sarƙa, daga nan ya juya tayar baya. Mahayin da yake juya feda sau 90 a minti ɗaya, zai juya ta sau 5,400 a cikin sa'a guda. Saboda haka duk wani ɗan kuskure a mazaunin ƙafa, ko da bai kai faɗin yatsa ba, maimaita kansa yake yi sau dubbai, har ya bayyana a matsayin ciwon gwiwa ko zafin tafin ƙafa.

A ƙasar Hausa ba a cika tunawa da feda ba sai ranar da ta lalace. Ba abin mamaki ba ne a ga keken da robar fedarsa ta zube, sai sandar ƙarfe tsirara, mai shi kuma yana ci gaba da takawa da silifas. A gefe guda kuma, a cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai akan sami masu wata 'yar ƙaramar feda wadda takalmin yau da kullum ba ya zama a kanta, har mai saye ya ɗauka karyayya ce. Alhali lafiyarta lau, an dai ƙera ta ne domin wani takalmi na musamman da wani irin hawa na daban. Manufar wannan muƙala ita ce fayyace waɗannan bambance-bambance.

1.1 Keɓaɓɓun Kalmomi

Kalmar feda ta daɗe da zama a bakin Bahaushe tare da 'yan uwanta irin su birki da giya da taya. Sauran sassan da za a tattauna kuwa an ba su sunaye ne ta hanyar siffantawa. An kira 'yar ragar ƙarfe da ke riƙe yatsun ƙafa a gaban feda da sunan likkafa, domin aikinta ya yi kama da na likkafar doki. An kira ɗan ƙarfe ko robar da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi domin ya shige cikin feda da sunan makama. 'Yar damar da ƙafa take samu ta juyawa hagu da dama alhali tana kulle, ita aka kira walawa. Dogon ƙarfen da ake ɗaura feda a ƙarshensa kuma shi ne hannun feda.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Feda

Keken farko da Bajamushen nan Karl Drais ya ƙera a shekarar 1817 ba shi da feda ko ɗaya, da ƙafa ake tunkuɗa ƙasa ya gangara. Sai a shekarun 1860 aka fara ɗaura feda a jikin tayar gaba a birnin Paris, aikin da ake dangantawa da Pierre Michaux da Pierre Lallement. A shekarar 1885 John Kemp Starley ya fito da keken Rover a birnin Coventry na Ingila, mai sarƙar da ke juya tayar baya, wanda shi ne asalin siffar keken da muka sani a yau.

Da gasar tsere ta bunƙasa, sai 'yan tsere suka lura cewa ƙafa tana zamewa daga feda idan gudu ya yi tsanani. Daga nan likkafa da maɗaurinta na fata suka samo asali tun kafin ƙarshen ƙarni na 19, kuma su suka mamaye fagen tsere na kusan shekara ɗari. A farkon shekarun 1970 kamfanin Cinelli na Italiya ya fitar da feda mai kullewa samfurin M71, sai dai da hannu ake buɗe ta, abin da ya sa ba ta karɓu a kan titi ba. Sauyi na haƙiƙa ya zo ne a 1984, lokacin da kamfanin Look na garin Nevers a Faransa, wanda sana'arsa ta asali ita ce ƙera maɗaurin takalmin masu zamiya a kan dusar ƙanƙara, ya mayar da wannan fasaha kan feda: a taka ta kulle, a murɗa diddige waje ta buɗe. Bernard Hinault ya lashe gasar Tour de France ta 1985 da ita, nasararsa ta biyar a gasar, kuma cikin 'yan shekaru likkafa ta ɓace daga manyan gasannin titi. A 1990 kamfanin Shimano na Japan ya fitar da tsarin SPD, mai ƙaramin makama na ƙarfe da ke lumewa a cikin ƙasan takalmi, domin masu hawa a daji da duwatsu.

A nan akwai wani ruɗani na suna. Abin da Turawa suke kiran feda mai kullewa da shi yana nufin "marar likkafa", domin ta zo ne ta maye gurbin likkafa, ba don ba ta kama ƙafa ba. Wannan ya sa fassara sunan kai tsaye zai ɓatar da mai karatu, shi ya sa aka zaɓi a kira ta da aikin da take yi.

3.0 Ire-Iren Feda

3.1 Shimfiɗaɗɗiyar Feda

Wannan ita ce fedar da kowa ya sani, mai fuska biyu, wadda ba ta riƙe ƙafa da komai face nauyin mahayi da kamun ƙasan takalmi. Ta kasu biyu. Akwai ta cikin gari, wadda ake yi da roba ko robar da aka haɗa da ƙarfe, mai sauƙin kamu, wadda ba ta ɓata takalmi. Akwai kuma ta daji, mai faɗi sosai, wadda aka dasa wa gajerun ƙusoshin ƙarfe a kowace fuska domin su nutse cikin robar takalmi. Fa'idarta ita ce 'yanci: mahayi yana sauke ƙafa a duk lokacin da ya so ba tare da tunani ba. Illarta kuwa ita ce zamewa a lokacin ruwa ko gargada, kuma mai ƙusoshi idan ta kuɓuce ta daki ƙwauri takan yi rauni.

3.2 Feda Mai Likkafa

Ita ma shimfiɗaɗɗiya ce, amma an ƙara mata raga a gaba da maɗauri. Idan an bar maɗaurin sako-sako, tana hana ƙafa zamewa gaba, kuma ana iya zare ƙafar ta baya cikin sauƙi. Idan kuwa an ɗaure tamau, to sai an miƙa hannu an sassauta kafin a iya cire ƙafa, wanda hakan ya sa ta fi mai kullewa haɗari a tsayawar gaggawa. Duk da haka ba ta mutu ba. A gasar keirin ta maza a Japan, inda ake tsere a keɓaɓɓen fili mai zagaye, har yanzu da likkafa da maɗauri ake hawa.

3.3 Feda Mai Kullewa

A cikin wannan feda akwai sifirin da ke kama makaman da ke ƙasan takalmi. Manyan tsare-tsarenta biyu ne, kuma ana bambanta su da yawan notin da ke ɗaure makama. Tsarin noti uku, irin na Look Keo da Shimano SPD-SL, yana da faffaɗan makama na roba mai siffar kusurwa uku, wanda yake fitowa waje daga ƙasan takalmi, kuma ta fuska ɗaya kawai ake shiga fedar. Tsarin noti biyu, irin na SPD, makamansa ƙarami ne na ƙarfe, kuma galibi ta kowace fuska ana iya shiga. Fedar Eggbeater ta kamfanin Crankbrothers ma ta fuska huɗu ake shigarta, kuma buɗaɗɗen jikinta yana barin taɓo ya zube. Akwai kuma tsarin Speedplay mai noti huɗu, wanda a cikinsa sifirin yana jikin makama ne, ba jikin feda ba.

Wajibi ne a gyara wata fahimta da ta yaɗu, cewa feda mai kullewa tana ninka ƙarfi saboda mahayi yana jan ta sama da ƙafa ɗaya yayin da yake danna ɗayar. Ma'aunin ƙarfin takawa ya nuna cewa a tafiya madaidaiciya kusan dukkan ƙarfin yana fitowa ne daga dannawa ƙasa, har ga ƙwararrun 'yan tsere. Amfanin kullewa na gaskiya yana bayyana ne a wurin zabura da gudu, da hawan tudu a tsaye, da saurin juya feda, da kuma zaman ƙafa a wuri guda komai gargada.

4.0 Takalmi

Abu mafi muhimmanci a takalmin keke shi ne ƙasansa. Takalmin gudu ana yin sa da laushi domin ya lanƙwashe tare da ƙafa. Na keke kuwa ana so ya yi tauri, domin ya rarraba nauyi a duk faɗin tafin ƙafa maimakon ya taru a ɗan wurin da feda take. Takalmin tseren titi ana yin ƙasansa da nailan mai tauri ko zaren kabon, sumul ba tare da ƙwanƙwasai ba, shi ya sa mai sanye da shi yake tafiya a ƙasa da ƙyar, yatsu sama diddige ƙasa, kuma kowane taku yana cinye makaman. Takalmin noti biyu yana da tudun roba a gefen makama, wanda ke ɓoye shi, don haka ana iya tafiya da shi kusan kamar kowane takalmi. Takalmin shimfiɗaɗɗiyar fedar daji kuwa ƙasansa a baje yake, da roba mai danƙo, irin wadda kamfanin Five Ten ya ɗauko daga takalman masu hawan duwatsu da hannu da ƙafa.

Ta fuskar ɗauri, akwai mai igiya, da mai manne, da mai ɗan maburgi da ke jan siririyar waya, irin na BOA, wanda ake iya sassautawa ana cikin tafiya. Mai igiya yana buƙatar a cusa bakin igiyar, don kada ta shiga tsakanin sarƙa da haƙoranta. Kowanne aka zaɓa, ya kamata diddige ya zauna daram, yatsu kuma su sami sarari, domin ƙafa tana kumbura a doguwar tafiya, musamman a lokacin zafi. Saboda wannan dalili, gwada takalmi da yamma ya fi gwada shi da sassafe.

5.0 Dacewar Feda da Nau'in Hawa

5.1 Zirga-Zirgar Cikin Gari

Mai zuwa kasuwa ko makaranta ko wurin aiki yana tsayawa a kowace danja da kowace mararraba, sannan idan ya isa zai yini a cikin takalminsa. Irin wannan mahayi babu abin da ya fi masa shimfiɗaɗɗiyar feda. A ƙasar Holan, inda keke ya zama abin hawan kowa da kowa, da irin wannan feda da takalmin fita na kullum jama'a suke yawo. Abin lura a nan shi ne takalmin da ke riƙe diddige, kamar kambas ko sandal mai maɗaurin baya, ya fi silifas aminci, domin silifas yana sulluɓewa, yatsu kuma a buɗe suke. Haka kuma 'yan madubai masu ruwan ɗorawa da ke jikin feda ba ado ba ne, motsinsu sama da ƙasa ne yake sanar da direba da dare cewa keke ne a gabansa. A Ingila ma doka ce ta wajabta su ga mai hawa da dare, in dai an ƙera keken bayan Oktoban 1985.

5.2 Tsere da Doguwar Tafiya a Kan Kwalta

A nan mahayi yana iya shafe sa'o'i bai sauke ƙafa ba, kuma ba shi da wata tafiya a ƙasa. Don haka illolin tsarin noti uku ba su dame shi ba, fa'idojinsa kuwa duka nasa ne: faffaɗan mazauni, da rashin nauyi, da riƙo mai ƙarfi a lokacin zabura. Sai dai wanda yake motsa jiki da keken titi a cikin gari mai cunkoso, ko yake yawan tsayawa a hanya, tsarin noti biyu zai fi yi masa sauƙi, kuma abin da zai rasa na gudu bai taka kara ya karya ba.

5.3 Hawan Daji da Duwatsu

Wannan fage ne da masana hawa suka rabu biyu. Masu tseren ƙetare daji, inda hawan tudu ya yi yawa, kusan dukkansu da feda mai kullewa ta noti biyu suke hawa. Masu gangarowa daga tsauni kuwa akwai masu kullewa, akwai masu shimfiɗaɗɗiya. Sam Hill na ƙasar Ostireliya ya zama zakaran duniya a tseren gangara a shekarun 2006 da 2007 da 2010 a kan shimfiɗaɗɗiyar feda, abin da ya tabbatar da cewa ba ta masu koyo ce kaɗai ba. Ga mai koyo kuwa ita ce ta fi, domin tana ba shi damar dogara ƙafa a kwana, tana kuma tilasta masa ya koyi riƙe feda da nauyin jikinsa, ta hanyar sassauto da diddige ƙasa a gargada.

5.4 Hanyar Burji da Tafiya da Kaya

A hanyar burji da ta yashi da ta taɓo, dole wani lokaci mahayi ya sauka ya tura keke ko ya saɓa shi a kafaɗa. A gasar hunturu ta cikin taɓo da ta shahara a Beljiyam da Holan, sauka da gudu da keke a kafaɗa wani ɓangare ne na tseren, shi ya sa ba a amfani da makaman noti uku a cikinta, domin da zarar ƙasa ta cushe shi ba ya kulluwa. Matafiyi mai ɗauke da kaya na kwanaki kuma yana da wani abin dubawa, wato gyara. Idan shimfiɗaɗɗiyar feda ta lalace, kowane mai gyaran keke a bakin hanya yana da madadinta. Idan makama ya karye a ƙauye, tafiya ta tsaya. Akwai feda mai fuska biyu mabambanta, ɗaya a shimfiɗe ɗaya mai kullewa, wadda aka yi domin mai keke guda da yake aiki iri-iri da shi.

5.5 Gasanni na Musamman

A keɓaɓɓen filin tsere mai zagaye, kekuna ba su da birki, kuma fedarsu ba ta daina juyawa muddin taya tana juyawa. Kuɓucewar ƙafa a nan babban haɗari ne, don haka masu gajeren tsere sukan ƙara maɗauri a kan feda mai kullewa. A gasar da ta haɗa ninƙaya da keke da gudu kuwa, ana barin takalmin a kulle a jikin feda tun kafin a fara, mahayi ya zura ƙafa yana cikin tafiya, shi ya sa takalmin yake da faffaɗan manne guda da madauki a diddige.

6.0 Daidaitawa da Ɗauri

Zaɓe mai kyau yana iya lalacewa a wurin ɗauri. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce sandar feda ta kasance a ƙarƙashin tudun da ke gindin babbar yatsa, ko ɗan baya da shi kaɗan. Sai kuma batun walawa, wanda kamfanoni suke nunawa da launi. A tsarin SPD-SL, makama mai ruwan ɗorawa yana da digiri 6, shuɗi digiri 2, ja kuma ba ya motsi. A tsarin Look Keo, ja yana da digiri 9, mai ruwan toka digiri 4.5, baƙi kuma ba ya motsi. A lura cewa ja a wancan tsari kishiyar ja ne a wannan, kuma makaman ɗaya ba ya shiga fedar ɗayan duk da kamanninsu. Wanda bai san yadda ƙafarsa take karkata ba, ya fi masa ya fara da mai yalwar walawa, domin idan aka kafe ƙafa a karkace, gwiwa ce take biyan bashin. Sauya feda ko takalmi kuma yana sauya nisan ƙafa daga sirdi, don haka sai an sake duba tsawon sirdin.

Game da ɗaura feda, yawancin kekunan manya suna da zare mai kaurin inci 9/16, wasu kekunan yara kuma rabin inci. Fedar dama, mai alamar R, ana ɗaure ta kamar kowane noti. Ta hagu, mai alamar L, zarenta a juye yake, domin nauyin takawa yana sa sandar ta riƙa mirginawa kaɗan-kaɗan a cikin raminta, kuma da zarenta irin na dama ne da ta kwance kanta. Tilasta fedar wani ɓangare a ɗayan yana cinye zaren hannun feda gaba ɗaya. Ana shafa giris a zaren, a fara ɗaurawa da hannu, sannan a ƙarasa da sifana mai lamba 15.

Mai fara hawa da feda mai kullewa ya sassauta sifirinta zuwa ƙarshe, ya jingina da bango ya yi ta kullewa da buɗewa har ƙafa ta saba, sannan ya gwada a fili marar motoci. Faɗuwar da aka fi yi da ita ba a cikin gudu take faruwa ba, a wurin tsayawa ne, lokacin da mahayi ya manta ƙafarsa a kulle take. Maganinta shi ne buɗe ƙafa ɗaya tun kafin keke ya tsaya. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: sabon takalmi ko sabon makama ba a fara gwada su a ranar doguwar hanya.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa kowace feda tana ba da wani abu ne ta karɓi wani. Mai kullewa tana ba da riƙo ta karɓi saurin sauka, takalmi mai tauri yana ba da ƙarfin takawa ya karɓi daɗin tafiya a ƙasa. Ɗan tseren titi ya amince da wannan ciniki ne domin ba ya tsayawa kuma ba ya tafiya a ƙasa. Mai zirga-zirgar gari da ya kwaikwaye shi zai ɗauki illar ba tare da cin moriyar ba. Saboda haka kafin mahayi ya tambayi farashi ko sunan kamfani, ya fara ƙirga sau nawa ƙafarsa take taɓa ƙasa tsakanin gidansa da inda za shi, da kuma irin ƙasar da za ta taɓa.